Fili Mai Takarda, Ƙasa Mai Guba: Me Ya Sa Ake Bincikar Ƙasa Kafin a Sake Gini a Kanta?

Idan aka tashi tsohon gareji, ko aka rufe gidan mai, ko aka kwashe jujin da ya shekara talatin a bayan unguwa, sannan aka share wurin aka yanka shi filaye, shin sharewar nan ta isa a gina gida a haƙa rijiya a kai? Wannan tambaya tana ƙara tasowa a Garwa da Marwa da Kusseri na arewacin Kamaru, har da Njamena a ƙetaren kogi, domin gari ya faɗaɗa ya haɗiye wuraren da a da suke bayan gari, kuma ambaliyar 2022 da ta 2024 ta sa iyalai da yawa neman tudu ko ta halin ƙaƙa. Yawancin masu saye suna ganin cewa muddin takarda ta cika, lawan ko jauro ya shaida, babu wanda ke jayayya a kan iyaka, to magana ta ƙare. Sai dai akwai abin da takarda ba ta nunawa, wato abin da ayyukan baya suka bari a cikin ƙasar, kuma shi ne yake iya shiga jikin yaro ta hannunsa ko ta ruwan randa shekaru bayan an tare.

Abin da ake nufi da gurɓataccen fili

Gurɓataccen fili shi ne wanda ƙasarsa ko ruwan da ke ƙarƙashinsa ya ɗauki wani sinadari mai cutarwa har ya wuce gwargwadon da jikin mutum zai iya jurewa idan ya daɗe yana hulɗa da shi. Ƙazanta daban, guba daban. Kashin dabba da ruɓaɓɓen abinci da ruwan wanke-wanke ƙazanta ne, rana da damina suna cinye su cikin lokaci. Dalma da zaiba da sauran ƙarafa masu nauyi ba sa ruɓewa ko kaɗan, kuma ba su da wari ko launin da zai sa mutum ya yi hattara. Ƙasar da ke ɗauke da dalma mai yawa tana iya zama fes a ido, har ciyawa ta tsiro a kanta.

Masana suna duba abubuwa uku kafin su ce fili yana da haɗari: akwai gubar a wurin, akwai hanyar da za ta bi ta isa ga mutum, kuma akwai mutumin da za ta isa gare shi. Idan ɗaya ya ɓace, haɗarin ya ragu ƙwarai. Wannan ne ya sa fili guda zai iya dacewa da shagon siminti mai daɓen kankare amma bai dace da gidan iyali ko makarantar allo ba, inda yara ke zama a ƙasa suna wasa da turɓaya suna kai hannu baki.

Takardun da mutane ke dogaro da su

A Kamaru, takardar mallakar fili, wadda kowa ya sani da titir fonsiye, ta samo asali ne daga dokokin filaye na 6 ga Yuli 1974, kuma ma'aikatar filaye da awo ce ke bayar da ita. Aikinta shi ne tabbatar da wanda ya mallaki wurin da inda iyakokinsa suka tsaya. Izinin gini da ake karɓa a ofishin magajin gari, ƙarƙashin dokar tsara birane ta 2004, yana duba ko wurin na gini ne da kuma ko zanen ginin ya bi ƙa'ida. Babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar a ɗebi ƙasar gidan mutum a kai ɗakin gwaji.

Ruɗanin da ya fi yawa yana tattare da abin da magina ke kira gwajin ƙasa. Wanda zai gina bene yakan biya injiniya ya zo ya haƙa ya gwada, sai ya riƙe takardar yana cewa an gwada masa ƙasa. Wannan gwaji na ƙarfin ƙasa ne: ko za ta ɗauki nauyin ginin, ko laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani kamar ƙasar karal da ake noman masakwa a kanta. Bai shafi guba ba. Haka ma gwajin da malaman gona ke yi don sanin takin da gona ke buƙata. Gwajin guba aiki ne na daban, da kayan aiki daban, kuma sai an nemi shi da sunansa ake yin sa.

Inda gubar ke fitowa a garuruwanmu

Ba mu da manyan masana'antu masu yawa a arewacin Kamaru ko a Cadi, shi ya sa wasu ke ganin wannan matsalar Turawa ce. A ganina wannan kuskure ne mai haɗari, domin ƙananan sana'o'i da suka daɗe a wuri guda suna iya ɓata ƙasa fiye da masana'antar da hukuma ke sa wa ido.

Gareji shi ne na farko. Makanike yakan zubar da baƙin mai a ƙasa a wuri guda na tsawon shekaru, kuma man yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe daga injin. Kafin farkon 2006, lokacin da ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina amfani da fetur mai dalma, baƙin man motocin fetur da aka zubar yana ɗauke da dalma, kuma tana nan a ƙasar har yau. Wanda ya fi gareji muni shi ne wurin da ake fasa tsofaffin batura na mota da na sola, a zubar da ruwan batir, a narka dalmar a kan garwashi. Ƙurar irin wannan wuri tana bazuwa zuwa gidajen maƙwabta.

Sai mai. Tankunan ƙarfe da ake binnewa a gidajen mai suna tsatsa su riƙa yoyo a hankali ba tare da mai gidan man ya lura ba. A wurinmu kuma akwai ƙarin matsala, wato rumbunan zuwa-zuwa, inda ake ajiye fetur ɗin da aka shigo da shi daga Najeriya a cikin durum da jarkoki a tsakar gida, ana juye shi kullum daga wannan mazubi zuwa wancan. Abin da ke zuba a kowace rana kaɗan ne, amma idan aka haɗa na shekara goma ya isa ya kai ga ruwan ƙasa. A cikin fetur akwai sinadarin benzen, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini.

Yankinmu yankin auduga ne tun kafin kafa kamfanin auduga na Sodekoton a 1974, kuma auduga amfanin gona ce mai cin maganin ƙwari sosai. An kuma shafe shekaru ana ajiye magungunan feshin fara da na sauro a ɗakunan ajiya a faɗin Sahel. Wasu daga cikin tsofaffin magungunan, irin su DDT da diyeldirin, suna cikin jerin da yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita ko ta haramta saboda daɗewarsu a ƙasa da taruwarsu a kitsen jiki da nonon uwa, an kuma ƙara endosulfan a jerin a 2011. Gonar da aka fesa ba ita ce babbar damuwa ba. Damuwar tana wurin da aka ajiye gangunan, ko aka haɗa maganin, ko aka wanke kayan feshi, domin a nan ne ɗanyen maganin ya zuba.

Majema da marina suna buƙatar a bambance. Jimar gargajiya da Marwa ta shahara da ita, ta bagaruwa da toka, ba ta barin ƙarfe mai guba, ko da yake ƙwayar cutar saifa da ke zuwa da fatun dabbobi tana iya rayuwa a cikin ƙasa shekaru masu yawa. Jimar zamani kuwa tana amfani da gishirin kiromiyam, ƙarfe mai nauyi da ke zama a cikin ƙasa. Haka rinin baba da toka ba ɗaya yake da rinin sinadaran kanti ba. Akwai kuma wuraren da tsofaffin taransifoma suka zubar da mai, da gidajen da ake daka dutsen zinariya a ƙona shi da zaiba, kamar yadda ake yi a yankunan haƙar zinariya na Mayo-Rey.

Amma abin da ya fi yawa a unguwanninmu shi ne kududdufin da aka cike da shara. An haƙi ƙasar gini ko ta bulo, rami ya zauna, unguwa ta mai da shi juji, bayan shekaru aka zuba masa jar ƙasa aka sayar. A cikinsa akwai batura ƙanana, da robobi da aka ƙona, da sharar asibiti, da gwangwanayen fenti. Sharar tana ci gaba da ruɓewa a ƙarƙashin gida, tana fitar da iskar gas mai kamawa da wuta, ƙasar tana zaunawa, bango yana tsagewa.

Me ya sa rijiya ta fi komai muhimmanci

A bakin kogunan Binuwai da Logon da Shari, da kuma gefen rafukan Marwa da ake kira mayo, ruwan ƙasa yana kusa, kuma ƙasar rairayi ce mai saurin tsotsewa. Abin da aka zubar a sama ba ya daɗewa kafin ya isa ga ruwan da rijiyoyin unguwa ke ɗiba. Ruwan ƙasa kuma yana tafiya a hankali zuwa gangare, bai san iyakar fili ba, don haka mutum yana iya sayen fili mai tsabta ya sha gubar da ta taso daga gidan man da ke sama da shi. Ambaliya tana ƙara dagula lamarin, domin tana ɗaga ruwan ƙasa ya taɓa abin da aka binne, ta kuma kwashi laka daga juji da gareji ta shimfiɗa a tsakar gidaje.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ƙanƙantar abin da ake magana a kai. Iyakar dalma a ruwan sha kashi 10 ne cikin biliyan, haka ma benzen. Harshe ba zai ɗanɗana wannan ba, tafasa ruwa ba ya cire dalma, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a rijiya lokacin kwalara ba ya taɓa ta. Hukumar ta kuma bayyana cewa babu wani gwargwadon dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. Illarta a kan ƙwaƙwalwa ce: yaro ya yi jinkirin magana, ya kasa riƙe karatu, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne, alhali ƙasar tsakar gidansu ce ta cuce shi.

Abin da ya riga ya faru a maƙwabta

A 2010 aka gano cewa gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan jihar Zamfara, inda ake daka dutsen zinariya a cikin gidaje. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF (Likitoci Marasa Iyaka) sun dage cewa ba a fara ba yaro magani sai an gyara gidan da zai koma, domin idan ya koma kan ƙasar nan gubar za ta sake shiga jikinsa. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje, aka binne ta a ramuka na musamman, aka zuba sabuwa. A unguwar Thiaroye da ke wajen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, a wurin da aka daɗe ana fasa batura, bayan da mazauna suka fara tankaɗe ƙasar wurin don tsintar dalma su sayar. A ƙasar Ogoni da ke kudancin Najeriya, rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya sami benzen a wasu rijiyoyin garin Ogale ya ninka iyakar Hukumar Lafiya sau 900, mutane kuma suna sha. A nan kusa, gwamnatin Cadi ta dakatar da ayyukan kamfanin mai na Sin, CNPC, a watan Agusta 2013 saboda zubar da ɗanyen mai a ramuka, rikicin da ya ƙare da biyan dala miliyan 400 a 2014.

Yadda ake binciken

Mataki na farko ba ya buƙatar ɗakin gwaji, kuma shi ne mafi muhimmanci: a san tarihin wurin. Kamar yadda ba a ɗaura aure sai an binciki asali, haka ya kamata mai sayen fili ya tambayi me aka yi a wurin shekara ashirin ko arba'in da suka wuce. A Turai ana duba tsofaffin taswirori da rajistar masana'antu. A wurinmu rajistar tana cikin kan dattawan unguwa, da limamin masallaci, da tsofaffin magina da mahaƙan rijiya, waɗanda suka san inda ƙasa ta taɓa fitowa baƙa ko ruwa ya yi warin kananzir. A tambayi mutum fiye da ɗaya, kuma a tambayi wanda ba shi da kaso a cinikin. Tsofaffin hotunan tauraron ɗan Adam da ke cikin manhajar Google Earth a kwamfuta suna taimakawa, domin ana iya komawa baya a ga ko wurin rami ne ko an taɓa jera motoci a kai.

Daga nan sai a taka wurin da ƙafa, an fi so bayan ruwan sama. Ana duba tabon mai, da wurin da ciyawa ta ƙi tsirowa, da bakin bututu ko murfin tanki, da ɓaraguzan batir, da ruwa mai sheƙi a saman kwata. A haƙa ƙananan ramuka a kusurwoyi da tsakiya a ga ko ƙasar asali ce ko ciko. A leƙa rijiyoyin maƙwabta.

Idan tarihi ya nuna gona ce ko makiyaya tun kaka da kakanni, kuma ido bai ga komai ba, yawanci binciken ya tsaya a nan. Idan akwai alama, sai a shiga mataki na biyu, wato ɗibar samfur. Ƙwararre ne ke yi, domin inda aka ɗiba shi ne ke yanke sakamakon. Ana ɗibar ƙasar sama, wadda yara ke taɓawa, da ta ƙasa a zurfin da tanki ko rami ya kai, daga wurare da yawa, a zuba a mazubi mai tsabta, a rubuta wurin kowanne. Ana ɗibar samfur daga wuri mai tsabta a kusa don kwatantawa. Akwai na'urar hannu da ake kira XRF wadda ke nuna ƙarafa kamar dalma nan take, amma mai da maganin ƙwari sai ɗakin gwaji, kuma irin waɗannan samfura sau da yawa sai an aika su Yawunde ko Duwala. Dole ne a gaya wa ɗakin gwajin abin da ake nema. Wanda ya kai ruwa ya ce a duba masa ko yana da kyau, galibi ƙwayoyin cuta da gishiri za a duba, a ba shi takarda mai kyau, dalma da benzen kuwa ba a neme su ba balle a gan su.

Abin da doka ta tanada da inda ta tsaya

Dokar muhalli ta Kamaru, mai lamba 96/12 ta 5 ga Agusta 1996, ta kafa ƙa'idar cewa wanda ya gurɓata shi zai biya, ta kuma wajabta nazarin tasirin muhalli kafin manyan ayyuka. Dokar zartarwa ta 14 ga Fabrairu 2013 ta fayyace yadda ake yin nazarin, ta kuma bar ƙananan ayyuka a hannun ƙananan hukumomi ta hanyar taƙaitaccen rahoto. Akwai dokar 1998 da ta shafi wuraren sana'a masu haɗari ko ƙazanta. Cadi ma tana da dokar kare muhalli mai lamba 014 ta 17 ga Agusta 1998.

Giɓin a fili yake. Waɗannan dokoki sun fi kallon abin da sabon aiki zai yi wa muhalli, ba abin da tsohuwar ƙasa za ta yi wa sabbin mazauna ba, kuma mutumin da ya sayi fili ɗaya don gina ɗaki uku ba ya shiga cikinsu. Ƙa'idar wanda ya gurɓata shi zai biya tana da wuyar aiki idan mai garejin ya rasu, ko mai rumbun zuwa-zuwa bai taɓa yin rajista ba. Abin da ya rage wa mai saye shi ne hukuncin ɓoyayyen aibi, wanda dokar farar hula ta sani, fiƙihun Malikiyya da muke bi ma ya sani: wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da damar mayar da kaya idan an ɓoye masa. Hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu bai keɓe fili ba. Dillalin da ya san wuri tsohon juji ne ya yi shiru ya shiga wannan hukunci.

Masu ja da hujjojinsu

Masu filaye da dillalai suna cewa irin wannan magana tana karya farashi, kuma jita-jita kaɗai ta isa ta ɓata fili mai lafiya. Akwai gaskiya a nan, amma maganin jita-jita shi ne gwaji, domin shi ne ke wanke filin da aka yi wa ƙage. Wasu suna cewa iyayenmu sun zauna kusa da juji ba abin da ya same su. Jujin wancan zamani toka ne da kashin awaki da ƙaiƙayi, babu batir babu roba a ciki.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talaka. Wanda ruwa ya cinye gidansa a Yagwa, ko rikicin Boko Haram ya koro shi daga kan iyaka, filin da ke kan cikakken kududdufi shi ne kawai kuɗinsa zai iya saya, kuma ba shi da abin biyan ɗakin gwaji a Duwala. Ba daidai ba ne a ɗora masa wannan nauyi. Wanda ke yanka babban fili ya sayar wa mutum hamsin shi ya kamata ya yi gwajin sau ɗaya kafin a ba shi izinin yankawa, kuɗin kuma idan aka raba shi a kan filayen ba zai yi nauyi ba. Ofishin magajin gari yana iya yin jerin tsofaffin juji da gareji da gidajen mai da ɗakunan ajiyar magani a kowace unguwa, tare da lawanai da ɗaliban jami'o'in Marwa da Ngaundere da Garwa, tun dattawan da suka san wuraren suna raye. Makaranta da asibiti da rijiyar jama'a kuwa bai kamata a amince da su a irin waɗannan wurare ba sai da sakamakon gwaji a hannu.

Idan an sami guba

Samun guba ba ya nufin fili ya mutu. Idan a sama take kuma a wuri ƙarami, ana kankare ƙasar a kai ta inda hukuma ta amince, ba a sayar da ita a matsayin ciko ko takin lambu ba, wanda shi ne kuskuren da ke kai gubar gidan wani. Masu aikin su jiƙa ƙasar don kada ƙura ta tashi, su rufe hanci, kada su koma gida da tufafin aikin. Ana iya rufe wurin da kankare ko da ƙasa mai tsabta mai kauri, da sharaɗin kada a sake haƙawa. Ƙasar da mai ya ɓata tana iya gyaruwa idan aka baje ta ana juyawa ana haɗa ta da taki, domin ƙwayoyin halittar ƙasa suna cin mai, kuma zafinmu yana hanzarta aikin. Wannan dabara ba ta aiki a kan dalma ko zaiba. Tsohon tanki sai an tsotse shi an fitar da iskar cikinsa kafin a taɓa shi da wutar walda.

Ruwan ƙasa shi ne mafi wuyar gyara, sau da yawa abin da ya rage shi ne a rufe rijiyar a nemi ruwan famfo, ko a haƙa burtsatse mai zurfi wadda aka toshe samanta da siminti don kada ruwan sama ya gangara ciki, a kuma gwada ruwanta kafin a fara sha. Iyalin da suka riga suka tare a wurin da ake zargi suna iya rage haɗarin tun yau: a daɓe tsakar gida, a riƙa yayyafa ruwa kafin shara, a wanke wa yara hannu kafin abinci, a daina shuka alayyafo da yakuwa a ƙasar wurin sai a cikin buhu ko tukunya da ƙasar da aka kawo daga waje. Idan wurin tsohuwar mafasar batir ce, a kai yara ƙanana da mata masu ciki asibiti, a gaya wa likita tarihin gidan dalla-dalla, a nemi a auna dalma a jininsu.